Yadda Firmin Mai Hoto Ya Tafi Ciyo wa Unguwa Kujeru

A unguwar Senade da ke Akpakpa a birnin Cotonou, in ana hira aka ji wani ya ce "lokacin da nake Marseille", ba sai an waiwaya ba, Firmin mai hoto ne ya iso. Gaskiyar magana, da ƙuruciyarsa ya taɓa zuwa Libreville ya yi 'yan watanni yana wankin hoto a shagon wani kawunsa. Sai dai Libreville ɗin nan ba ta zauna wuri ɗaya ba. Kowace shekara tana ɗan matsawa arewa a bakinsa, har ta haye teku ta zama Marseille. Tun da wayar hannu ta kashe kasuwar hoto, shagonsa ya koma wurin zaman hira, shi kuma ya samu sararin sanin komai: ciwon mota, ciwon mutum, shari'ar filaye, har da dalilin da ya sa kifi ya yi tsada.

Ana nan sai aka buɗe wani sabon otal a bakin teku. Masu otal ɗin sun toshe hanyar da mutane ke bi zuwa wurin masunta, don haka suka ga ya kamata su shafa wa maƙwabta mai a baki. Suka shirya gasar poka, wani wasan karta, ta ranar Lahadi, kowace unguwa ta turo mutum ɗaya. Wanda ya ci zai tafi da sabon babur, unguwarsu kuma a ba ta rumfunan biki da kujerun roba masu yawa.

Maganar kujerun ce ta tada Senade tsaye. Unguwar ba ta da ko ɗaya. In an yi mutuwa, ko aure, ko baftisma, sai an taka har Avotrou wurin wani Gbedo mai ba da haya, mutumin da sai ka gaishe shi ka sake gaishe shi kafin ya tuna yana da kujeru.

Mai unguwa ya tara jama'a a gindin mangwaro, ya tambaya ko akwai wanda ya iya wasan.

"Poka?" in ji Firmin, yana gyara zaman hularsa. "Wannan ai wasan yara ne. A Marseille har hana ni shiga aka yi, wai ina korar musu baƙi."

A gefe akwai Papa Anatole, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa mai gidajen haya a unguwar, wanda ya ƙare rabin rayuwarsa yana buga karta a tsakiyar teku. Ya iya wasan, amma bai iya mutane ba. Duk wanda ke wurin ya taɓa shan zaginsa a kan kwata ko a kan akuya.

"Firmin," ya ce, "karta nawa ake raba wa mutum a poka?"

"Haba Papa, a gaban jama'a kake so in koya maka? Ka zo shago, kyauta ne."

Aka kwashe da dariya. Anatole ya buɗe baki zai yi magana, Tanti Philo mai ɗinki ta riga shi.

"Mai unguwa, a ba Firmin. In ya ci mun samu kujeru. In bai ci ba mun samu shiru."

Haka aka yi. Anatole ya ja tsaki, ya kaɗe wandonsa ya tafi.

Washegari da hantsi sai ga Firmin a ƙofar gidan tsohon, da kwalbar barasar sodabi a hammata.

"Papa, na yi tunani. Kowane gwani yana da mataimaki, kuma kai na zaɓa. Amma sai na tabbatar ka san wasan. Fara mini daga farko, kamar kana gaya wa wanda bai taɓa gani ba."

Anatole ya dube shi, ya dubi kwalbar.

"Wannan ba zai yi mini wuya ba," ya ce.

Ya ɗauko wata tsohuwar karta da ta yi laushi kamar tsumma, ya raba. Kowa biyu a hannu, a rufe. Sannan a jera biyar a tsakiyar tebur, na kowa da kowa: uku a tare, sai ɗaya, sai ta ƙarshe wadda ake kira kogi. Mutum ya haɗa nasa da na tsakiya ya fitar da biyar mafi ƙarfi.

"Daidai," in ji Firmin. "Ci gaba."

"Biyu iri ɗaya sun fi babu. Uku sun fi biyu. Biyar a jere sun fi uku, biyar masu tambari ɗaya sun fi jere. Uku da biyu a haɗe, shi ne cikakken gida, ya danne waɗannan duka. Huɗu iri ɗaya kuwa sun fi cikakken gida, amma ni da na tsufa a teku ban riƙe su ba sai jefi-jefi."

"Ni a Marseille har gundurata suka yi. Ci gaba."

"Kowane zagaye ana zuba kuɗi. In an zo kanka, ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka kwanta."

"Ko in me?"

"Ka kwanta. Haka ake cewa. Kartarka ba ta da kyau, ka ajiye ta, ka fita daga wannan zagayen."

Firmin ya ajiye kofinsa. "Ni? In kwanta a gaban 'yan Avotrou? Papa, ina da mata da 'ya."

"Gwanin gaske kwanciyarsa ta fi wasansa yawa. Jira yake yi."

"Wannan pokar jirgin ruwa ce, ta masu jiri. Mu na tudu ba ma kwanciya."

Anatole ya kurɓi sodabi don kada ya yi zagi. Ya ce abu na gaba shi ne fuska: ko ka riƙe sarki ko ka riƙe shara, kada kowa ya gani a fuskarka. Sai kuma burga, wato ka zuba da yawa alhali ba ka da komai, har abokin wasa ya tsorata ya kwanta.

Nan idon Firmin ya kawo haske. "Tsaya. Ba ka da komai, amma ka yi kamar kana da shi, kuma a ba ka kuɗi?"

"Wani lokaci. Ba kullum ba. In ka yawaita..."

"Papa, ashe don ni aka ƙirƙiro wasan nan."

"Saura abu ɗaya. Yadda ake buɗe karta a ƙarshe. In ka zo nunawa, dole ne..."

"Buɗe karta ma sai an koya wa mutum?" Firmin ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa. "Ka ci jarrabawa. Akwai 'yan kurakurai, amma za ka gyaru."

Ya fara da fuska. Ya koma gida ya zauna a tsakar gida, ya ɗaure fuska tamau, ya kafe ido a kan bango. Matarsa Sidonie, wadda ke sayar da amiwo, wato jan tuwon masara, da kaza a bakin titi, ta dawo ɗaukar tukunya ta same shi haka.

"Baban Clarisse, ina murfin babbar tukunya?"

Shiru.

"Baban Clarisse?"

Ko ƙiftawa bai yi ba. A ransa yana cewa: in na jure wa Sidonie, wa ya rage a Cotonou?

Sidonie ta kaɗa hannu a gaban idonsa. Ta tuna yadda ciwon shanyewar jiki ya fara wa babanta, sai ta saki tukunya ta fita da gudu. Kafin ka ce me, gidan ya cika. Wata ta kawo man zafi ta murje masa wuya. Wani ya ce a cire masa takalmi a matsa babban yatsa. Firmin ya ji zafi har cikin ƙwaƙwalwa amma ya daure, yana jin daɗin yadda fuskar ke aiki. Sai da aka kira ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, aka cicciɓe shi za a ɗora a babur zuwa asibiti, Tanti Philo ta ce a dakata, akwai abin da kakarta ke yi. Ta debo garin barkono a tafin hannu ta hura masa a hanci.

Atishawar farko ta jefar da hularsa cikin kwata.

"Horo nake yi," ya ce da ya samu numfashi, hawaye na zuba. "Kun ɓata mini horo. A Marseille sai in yini a haka."

"To ka koma can ka yini," in ji Sidonie. "Ga ɗan zemijan nan, sallame shi. Kai ka kira shi da fuskarka."

Kwana biyu bayan haka ta aike shi sayen kifi wurin matan bakin gada, don Clarisse, 'yarsu tilo, aurenta ya matso, kuma dangin ango za su zo cin abinci. Firmin ya ga damar gwada burga. Mai kifi ta faɗi kuɗi, ya yi dariya ya taya rabi.

"Dada yayata, in ba ki sallama ba na tafi. Akwai mai ba ni a ƙasa da haka."

"Allah ya kiyaye hanya, Fofo yayana. Ka gaishe ta."

Ya juya yana takawa a hankali, yana jiran a kira shi. Ya kai bakin titi ba a kira shi ba. Ya tsaya a bayan wata motar siminti ya ba ta lokaci ta yi nadama. Da ya dawo, faranti ya zama fayau, tana wanke hannu. Ran nan dangin ango suka ci tuwon akasa da miyar barkono tsura, Firmin yana yi musu bayani cewa a Turai manyan mutane sun daina cin kifi da rana.

Anatole ya ce kafin Lahadi lallai a yi wasan gwaji. Aka shimfiɗa tebur a gaban shagon hoto, aka tara murafun kwalba a maimakon kuɗi. Ba a samu na uku ba, sai aka jawo Tanti Philo daga kan keken ɗinki, Anatole ya yi mata bayani a tsaitsaye.

Firmin bai kwanta ko sau ɗaya ba. Kowane zagaye sai ya ƙara, yana hura hanci. Tanti Philo kuwa wani lokaci ta ajiye kartarta tun kafin ya gama zubawa, wani lokaci ta bi shi har kogi ta kwashe. Kafin rana ta karkata duk murafun unguwar suna gabanta.

"Sa'ar sabon shiga ce," in ji Firmin.

"Ba sa'a ba ce, Fofo. In kartarka ta yi kyau, waƙar coci kake yi ta hanci. In ba ta yi ba, shiru kake kamar an aiko maka da sammaci."

"Ni? Waƙa?"

"Har da amshi," in ji Anatole.

Firmin ya ce sharri ne, amma da yamma ya je wurin mai walda ya aro baƙin tabarau, irin wanda ake kallon wuta da shi. Ya sa ya shigo gida yana laluben bango.

"Wannan fa?" in ji Sidonie.

"Maganin masu karanta mutum."

"Hanci ke waƙa, kai kuma ka rufe ido."

"Ba za ki gane ba. Wasan manya ne."

Abin da ba ta sani ba, a hanyarsa ta dawowa ya biya ta Avotrou. Sidonie ta riga ta kama kujerun bikin Clarisse a wurin Gbedo, bayan doguwar lallami. Firmin ya tsaya a ƙofar shagon, a gaban mutane, ya ce a soke.

"Daga ran Lahadi Senade ta gama da kai, Gbedo. In ka rasa abin yi da kujerunka, ka jera su ka riƙa yi musu wa'azi."

Gbedo ya gyaɗa kai kawai, irin gyaɗawar mai adana magana.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, Senade ta ɗunguma zuwa otal. Firmin na gaba a kan zemijan, cikin kwat ɗin aurensa da ta daina haɗuwa a ciki, tabarau a fuska. A bayansa 'yan badujala ne da ya ɗauko, ya ce su jira a ƙofa, da zarar sun ga ya fito su saki kiɗa.

Ɗakin wasan sanyi ƙalau. Aka ja igiya, 'yan kallo suka tsaya a bayanta. A tebur akwai wakilan sauran unguwanni, cikinsu har da wani mai kantin magani da wani tsohon jami'in kwastan. Avotrou kuwa Madam Houefa ta turo, babbar 'yar kasuwar atamfa a Dantokpa, mace mai zobe a kowane yatsa, wadda ake cewa ko kuɗin gishiri ba ta taɓa biya yadda aka faɗa ba. Wata budurwa mai baƙar riga ce ke rabon karta. Kowa aka tura masa tulin kwabban roba masu launi.

Tanti Philo ba ta gaya wa kowa sirrin waƙar ba sai masu kawo mata ɗinki. Saboda haka duk wanda ke teburin ya zo da labarin: in mai hoton Senade ya fara waƙa, ka gudu.

Aka raba. Firmin ya ɗaga kartarsa ya duba. Ta cikin gilashin walda bai ga komai ba sai wasu inuwoyi biyu. Ɗaya ta yi masa kama da sarki. Ɗayar ma, da ya ƙura ido, sai ta zama sarki. Daɗi ya kama shi, hancinsa ya ɗauki waƙa. Ya tura kwabbai. Mai kantin magani ya dubi na kwastan, suka ajiye kartarsu. Kowa ya kwanta. Firmin ya kwashe.

Biyu da bakwai ne a hannunsa.

Zagaye na gaba ma sarakuna ya gani. Na bayansa ma haka. Tunda aka fara buga karta a duniya ba a taɓa raba wa mutum ɗaya sarakuna da yawa irin na ranar ba. Yana waƙa, suna kwanciya. Sau ɗaya ya tura farantin gyaɗa tsakiyar tebur ya ce ya ƙara, mai rabo ta mayar masa a hankali. Sau ɗaya kuma ya jefa kwabon roba a baki ya tauna, ya ce gyaɗar otal ɗin ba ta soyu ba.

"Papa, me yake yi haka?" Sidonie ta tambayi Anatole a bayan igiya.

"Ban sani ba. Shi ma bai sani ba. Shi ya sa suka kasa kama shi."

Na kwastan ya gaji, ya bi shi har kogi. Aka buɗe, hannun Firmin tarkace ne, amma kartar ƙarshe ta haɗa masa biyar a jere ba da saninsa ba. Na kwastan ya tashi yana magana shi kaɗai. Sauran suka cinye junansu ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ta yi, mutum biyu suka rage: Firmin da Madam Houefa.

'Yan Senade suka fara lissafin inda za a ajiye kujeru. Mai unguwa ya ce ɗakin bayan gidansa, wani ya ce ai ɗakin yana yoyo, har aka soma musu.

Madam Houefa ta jingina da kujera, ta yi murmushi.

"Fofo, namiji kamarka ya zauna da mace ya ɓoye mata ido? An ce idon nan ne ya hana matan Marseille barci."

"An faɗa miki?" in ji Firmin.

"Har Dantokpa ake zancen."

"Kada ka cire," in ji Anatole daga bayan igiya, amma tuni tabarau ya sauka.

A karon farko Firmin ya ga ɗakin. Ya ga tulin da ke gabansa, ya ga jama'a, ya ga idon Madam Houefa wanda babu alamar wasa a cikinsa. Aka raba, ya duba: huɗu da huɗu. Bayan yinin da ya yi cikin sarakuna, sai ya ji kamar an rage masa girma. Amma shi ba mai kwanciya ba ne. Ya bi.

Mai rabo ta jera uku: huɗu, sarki, sarki. Firmin ya ƙirga da yatsun ƙafa a cikin takalmi. Uku da biyu. Hancinsa ya fara motsi. Karta ta gaba ta fito, tara. Madam Houefa ta ƙara, ya bi. Sai kogi.

Huɗu ce.

Huɗu iri ɗaya. Abin da Anatole ya tsufa a teku yana nema. Waƙar ta ƙwace daga hanci ta koma baki, har wata tsohuwa a bayan igiya ta amsa masa ba ta sani ba.

Madam Houefa tana riƙe da sarki da tara, cikakken gida mai ƙarfi. Kuma ta yini tana jin waƙar nan, ta ga tarkacen da aka buɗe a gaban na kwastan. Ta tura duk abin da ke gabanta.

"Duka," ta ce.

"Duka," in ji Firmin, ya ture nasa da hannu biyu.

Ta ajiye kartarta a buɗe. 'Yan Avotrou suka yi guɗa. Mai rabo ta juyo. "Malam, naka."

Da ya ajiye su a gabansa ya juya, da labarin Senade ya canja. Amma Firmin ya jira wannan rana tun yana Libreville. Ya miƙe tsaye, ya manna kartar a ƙirji, ya juya ga jama'a.

"Mutanen Senade. Akwai waɗanda suka ce ban iya ba. Akwai waɗanda suka hura mini barkono. Ban riƙe kowa a zuciya ba."

"Ajiye kartar," in ji Anatole.

"Gbedo, in kana nan, ka buɗe kunne."

"Firmin, ajiye kartar a buɗe a gabanka."

"Papa, mataimaki ba ya katse maigida."

Ya sumbaci kartar, ya ɗaga hannu sama, ya wurgo su kan tebur da salo, yadda yake ganin manyan 'yan wasa za su yi. Tebur ɗin sabo ne, sumul. Kartar biyu suka sauka a kife, suka zame suka wuce tulin kwabbai, suka shige gefen tarin kartar da aka zubar.



"Kada kowa ya taɓa," in ji mai rabo. "Ina ganin gefensu, bari in kira manaja ya..."

"Ba sai an kira kowa ba, ga su nan," in ji Firmin. Ya faɗa kan tebur da ciki, ya cusa hannu biyu cikin tarin, ya hautsina. Ya zaro biyu ya ɗaga. Tara da uku. Ya mayar ya sake zarowa. Sarauniya da shida. Ya watsa sauran yana nema, wasu suka faɗi ƙasa, maɓallin kwat ɗinsa ya tsinke ya shiga kofin Madam Houefa.

Manaja ya iso, ya saurari mai rabo, ya dubi teburin da ya koma kamar an yi dambe a kai. Ya ce doka a fili take: kartar da ta shiga tari ta cakuɗe ta mutu, ba a san wadda ke hannun wa ba. Madam Houefa ta ci.

"Huɗu huɗu ne," in ji Firmin, muryarsa ta sirance. "Na rantse. Huɗu iri ɗaya na riƙe. Papa, gaya musu."

"Me zan gaya musu? Ƙirjinka kaɗai ya gani."

"Sidonie, ke kin san ba na ƙarya."

Sidonie ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. A duk tsawon zamansa a Senade, ranar ce ya faɗi gaskiya tsantsa, kuma ko mutum ɗaya bai yarda ba.

Yana tattara hularsa Madam Houefa ta riƙo hannunsa.

"Fofo, kada ka ɓace mana. Muna da teburinmu a nan duk Lahadi, na manyan gari. Mun daɗe ba mu samu tantabara irinka ba. Ko ba haka ba, manaja?"

"Kujerarsa na nan a ajiye," in ji manaja.

Kafaɗun Firmin da suka zube suka ɗan tashi.

Da ya fito ƙofa, 'yan badujala suka gan shi, suka saki kiɗa iya ƙarfinsu. Ya ɗaga hannu su tsaya, suka ɗauka kirari yake nema, suka ƙara wuta. 'Yan Avotrou suka fito da sabon babur, suka samu kiɗa a shirye, suka taka rawa har bakin titi. Senade ta koma gida a ƙafa, Tanti Philo ta ce, "To, kujeru dai babu. Bari mu ga ko shirun zai samu."

A hanya Sidonie ta ji labarin soke kujerun biki. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba Firmin tsoro ke nan. Washegari ta dafa amiwo da kaza guda ta kai wa Gbedo da kanta. Gbedo ya ci, ya suɗe hannu, ya ce kujeru na nan, amma motarsa ba ta zuwa Senade, tunda an ce an gama da shi. Wanda ya ce a yi wa kujeru wa'azi, shi zai zo ya ɗauke su da kansa.

Haka jajibirin bikin Clarisse ya samu Firmin yana safa tsakanin Avotrou da Senade, kujeru a jere a kansa, zufa na bin kwat. Duk wanda ya tambaya sai ya ce yana duba nauyinsu ne, don irin waɗanda zai sayo wa unguwa. Aka yi biki lafiya, kowa ya samu wurin zama.

Bayan biki da 'yan kwanaki, Anatole ya fito shan iska ya ga mutane sun taru a gaban shagon hoto. Mai fenti yana kan tsani yana ƙarasa rubutu da manyan haruffa ja: FIRMIN, TANTABARAR COTONOU. A gefe an zana tsuntsu riƙe da karta a baki. Firmin na ƙasa yana ba da umarni a ƙara wa tsuntsun ƙirji.

"Manyan gari ne suka ba ni sunan," yake gaya wa jama'a. "A gaban manaja. Ba kowa ake ba ba."

Anatole ya matsa kusa da Sidonie, wadda ke tsaye da hannu a ƙugu.

"'Yata, kin san me masu karta ke nufi da tantabara? Wanda ake gayyata don a fige shi. Bari in gaya masa kafin duk garin ya gani."

Ta riƙe masa hannun riga.

"Na sani, Papa. Madam Houefa ta yi mini bayani a kasuwa."

"To, kika bari?"

"Ni na kira mai fentin," in ji Sidonie. "Ka bari ya bushe tukuna."